Wasiƙa: Barin sigari aikin fada ne da na gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon a ba mu fili mu yi magana kan barin sigari. Da matan mashaya muke, da ƴan'uwansu, da abokan zamansu na fada, wato majalisar hira da shan shayi, a Bukoki, Wadata, Yantala da sauran unguwannin Yamai, don shi mashayin ya sha wa'azi har ya ƙoshi. Kowace shekara ranar 31 ga Mayu ana karanta masa illolin taba a rediyo da talabijin. Ƙasarmu tana da dokar yaƙi da taba tun 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana talla da sha a wuraren taruwar jama'a. Mashayi ya ji duk wannan, kuma da yawansu sun taɓa gwada bari. Inda ake faɗuwa sananne ne: kwana na uku ko na huɗu, bayan sallar isha'i, an ɗora shayi, wani ya kunna, ya ga abokinsa yana mutsu-mutsu, sai tausayi ya kama shi ya ce, "Karɓi guntun nan ka ja sau ɗaya." Shi ke nan, an koma gidan jiya.

Kafin a zargi kowa da rashin zuciya, a san abin da ke faruwa a jiki. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan an zuƙi hayaƙi, kuma cikin kamar awa 2 rabinsa ya bar jini. Shi ya sa hannu ke komawa aljihu bini-bini, shi ya sa kuma karan safe ya fi kowanne daɗi, don jiki ya kwana babu. In aka tsaya cak, sai fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa, kasa tsai da hankali kan aiki, wani har bayan gida ya ɗaure masa. Abin yana kai ƙarshen tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, sannan ya riƙa sauka cikin sati 2 zuwa 4. Ƙishin tabar kuwa zuwa yake kamar guguwa, ya taso ya kwanta cikin minti 3 zuwa 5, ko an sha ko ba a sha ba. Duk taimakon da muke magana a kai, a cikin waɗannan mintoci yake aiki. Waɗanda ke gwadawa su kaɗai, babu magani babu mai tallafa musu, 3 zuwa 5 ne kawai cikin 100 ke kai shekara. In aka haɗa shawarar ma'aikacin lafiya da magani, adadin yana ninkawa har ya wuce.

Akwai wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, wanda ya bi mutum sama da 12,000 na garin Framingham tsawon shekara 32. An gano cewa mutane rukuni-rukuni suke barin taba. Wanda abokin aurensa ya bari, yiwuwar ya ci gaba da sha tana raguwa da kashi 67 cikin 100. In aboki ne, kashi 36. In ɗan'uwa ne, kashi 25. Bahaushe ya riga su da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan a Amurka haka ne, inda kowa ke kulle a ɗakinsa, ina ga nan, inda saurayi ke yin awa huɗu ko biyar kowane dare kan benci ɗaya da mutane ɗaya?

To ga yadda ake yi. A sa rana, kada ta wuce sati 2 daga yau, don in ta yi nisa niyya sanyi take yi. Kada a zaɓi ranar biki ko ranar da aka san za a yi rigimar kuɗi. Mai barin ya faɗa da bakinsa a gaban jama'ar fada da kuma a gida: ranar kaza na daina. Daren jajibirin, kwali, birke, alimetin aljihu, da gwangwanin toka duk su fita daga ɗaki. A duba aljihun tsofaffin riguna da ƙarƙashin sirdin babur, nan ake ɓoye "na ko-ta-kwana". A wanke tufafi da zanen gado, don wari kaɗai yana tayar da ƙishi. Sannan a je wurin mai tebur na bakin layi, wanda ke ba da kara ɗaya-ɗaya har da bashi, a biya shi abin da yake bi, a ce masa daga yau ko an roƙe shi kada ya bayar. Wannan matakin mutane suna jin nauyinsa, amma a ganinmu ya fi rantsuwa amfani.

Game da rage-rage, yau goma gobe takwas: yana yi wa wasu, muddin akwai ranar da za a kai sifiri. Matsalar ita ce mai ragewa yakan ƙara zurfin zuƙa ya shanye kara har gindi, sai nikotin ɗin ya koma kusan yadda yake, kuma ranar sifirin ta yi ta ja da baya. Mun fi son a yanke gaba ɗaya a ranar da aka sa.

Yanzu ƴan fada. Ba a ce ku bari ba, ko da yake in mutum biyu suka bari rana ɗaya sun fi ƙarfi. Abin da ake nema a wurinku tsawon wata ɗaya abu uku ne: mai son kunnawa ya tashi ya koma nesa, ta inda iska ba ta kawo hayaƙin, kada a aike mai barin sayen sigari ko a ba shi ajiyar kwali, kuma ko ya roƙa da kansa, ko ya yi fushi, a hana shi. Ba'a irin ta "Malam ya tuba" ko "za mu gani zuwa Juma'a" tana da daɗi a baki, amma tana karya gwiwa fiye da yadda masu yin ta suke zato. A ware mutum ɗaya, wanda ya taɓa bari ya fi, ya zama shi ake kira in abin ya taso. Aikinsa ya riƙe shi da hira minti 5, ko su taka zuwa ƙarshen layi su dawo. Ya riƙa leƙa shi kullum a satin farko, daga nan sau biyu a sati har wata 3, don yawancin masu komawa cikin wannan tsakanin suke komawa.

Akwai wani abu game da shayi da ba kowa ya sani ba, kuma yana kayar da mutane da yawa a ƙasar nan. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin kafeyin da sauri. In aka bar taba, hanta tana komawa tafiyarta ta asali cikin ƴan kwanaki, sai kafeyin ɗin ya riƙa daɗewa a jini. Ma'ana, kofi ukun da mutum ya saba sha, na fari da na biyu da na uku, yanzu aikin kusan shida suke yi. Sai bugun zuciya, rawar hannu, ido biyu har asuba. Shi kuma ya ɗauka rashin taba ne ke neman kashe shi, ya je ya kunna. Maganin mai sauƙi ne: a rage shayi da Nescafé da rabi tun ranar farko, a bar masa na uku mai sauƙi, na farin nan mai ɗaci ya haƙura da shi, musamman da dare. Goro ma kafeyin gare shi, don haka masu cewa "riƙe goro a madadi" su sani suna iya ƙara masa rashin barci. Abin da ya fi dacewa da baki da hannu shi ne asuwaki, kanumfari, aya, ko ruwan sanyi a kurɓa sannu-sannu.

A gida kuma, uwargida, aikinki ya fi na kowa wuya, don ke ce za ki sha fushin satin farko. Ki sa a ranki na kwanaki ne. Maganar kuɗin cefane ko ta dangi da za ta iya jira, ta jira. Kada ki riƙa shinshina rigarsa ko binciken aljihu in ya shigo. Wanda ake yi wa haka yakan koyi ɓoyewa ne kawai. Lokacin da ya fi hatsari shi ne bayan cin abinci, saboda haka da ya wanke hannu a miƙa masa asuwaki, ya tashi daga inda ya saba zama ya kunna. Ci zai ƙaru, kuma masu bari sukan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko. A tanadi kokombur, karoti, lemu ko ɗan dabino, a rage soye-soye da lemun kwalba. Tari ma yana iya ƙaruwa na ƴan makonni yayin da huhu ke fitar da datti, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma tarin da ya zo da jini, ko rama, ko zufar dare, ko zazzaɓi, a kai shi a yi gwajin majina, don mashaya sun fi saurin kamuwa da tarin tibi.

Kuɗin kuma a sa shi inda ido zai gani. A ce kara dala goma ne, mutum yana shan 10 a rana: dala ɗari ke nan kullum, jika 15 a wata, sama da jika 180 a shekara. A sami asusu a riƙa jefa dala ɗarin kowace safiya, a fasa ƙarshen wata a gaban yara.

Sai magani. Wanda ke kunnawa cikin minti 30 da farkawa, ko yake wuce kara 10 a rana, jikinsa ya kamu sosai, ya kamata ya ga likita kafin ranar da ya sa. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata. Ga mai shan fiye da 10, tsarin da aka saba shi ne ta miligiram 21 sati 6, ta 14 sati 2, ta 7 sati 2. Ana manna ta da safe a busasshiyar fata marar gashi, a damtse ko kafaɗa, a canza wuri kullum don kada fatar ta yi ja. Da zafin Yamai zufa tana ɓamɓare ta, sai a goge wurin sosai a danna da tafin hannu na ɗan lokaci. In tana kawo munanan mafarkai a cire kafin a kwanta. Akwai kuma cingam na nikotin, mai miligiram 2 da mai 4, kuma yawancin masu cewa bai yi musu ba, taunar ce suka ɓata. Ba a tauna shi kamar cingam na yara. A tauna sannu har a ji yaji-yaji, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa, haka har kusan minti 30. Mai tauna shi da sauri yana haɗiye nikotin ɗin, sai shaƙuwa da ƙwannafi. Kada a sha shayi, kofi ko lemu minti 15 kafin a sa shi. Ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion sai da takardar likita. Na biyun ma haramun ne ga mai farfaɗiya. Ba kowace farmasi ke ajiye waɗannan ba, kuma suna da tsada, wanda shi ne kukanmu ga hukumomin lafiya: cingam da filasta suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009, ya kamata a ce majo, wato shugaban kowace cibiyar lafiya ta unguwa, yana da su a kabad. Mai ciki, mai ciwon zuciya, mai allurar insulin, da mai shan maganin taɓin hankali su faɗa wa likitansu za su bari, don ƙila sai an gyara musu awon magani. Masu yawo da magani a tire kuma a guje su. Wanda ya bar sigari ya kama tramol ya gudu daga ruwa ya faɗa rijiya.

Haka nan masu komawa shisha ko tabar gari. Zaman shisha na awa ɗaya hayaƙin da ake zuƙa ya ninka na kara ɗaya sau 100 ko fiye, ga gubar gawayi a kai. Tabar gari da ake dunƙulawa da kanwa a kunci nikotin ɗin ne dai, tare da ciwon dasashi da hatsarin kansar baki.

Watan azumi dama ce babba, tunda mutum yana yin awa 13 ko 14 babu taba. Amma a lura, da an sha ruwa wasu kan kunna biyu ko uku a jere, su yi asarar wahalar yini. Mai son amfani da azumi ya tsara abin da zai yi daga kiran magariba zuwa tarawi, kuma abokinsa ya kasance kusa da shi a wannan lokacin, da kuma ranar salla.

In kuma aka yi tuntuɓe ya sha kara ɗaya, abin da na kusa da shi suka ce a ranar shi ke yanke hukunci. "Dama mun sani" tana tura shi sayen kwali. Abin yi shi ne a zubar da saura nan take, a tambaye shi a ina ne, da wa, ƙarfe nawa, a toshe wannan ƙofar, a ci gaba da lissafi daga washegari, filastar ma kada a cire ta. Yawancin waɗanda suka bari har abada sai da suka gwada sau da dama. Dattijon da ke cewa lokaci ya ƙure masa, a faɗa masa abin da binciken likitocin Ingila na shekara 50 ya nuna: wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yana tsira da kusan shekara 10 da taba za ta ci masa, ɗan 40 shekara 9, ɗan 50 shekara 6, ɗan 60 kuma shekara 3.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan kiwon lafiya,
Yamai.