Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano Kan Abin Da Ake Yi A Aji Ɗaya

Mai Girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da ka ɗauka.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, kuma mafi yawan aikina a aji ɗaya da aji biyu na yi shi. Tun da ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, mun ga an gyara azuzuwa, an kai bencina, an raba yunifom, an mayar da dubban malaman wucin-gadi na shirin inganta ilimi na BESDA ma'aikatan dindindin, kuma ilimi ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka a kasafin kuɗin jiha. Allah Ya saka da alheri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke faruwa bayan yaro ya zauna a kan wannan benci, daga ƙarfe takwas na safe zuwa lokacin tashi. A nan ne za a san ko kuɗin nan sun yi amfani.

Ranka ya daɗe, ga yadda yini yake wucewa a azuzuwa da yawa. Malama ta kira rajista, wanda a ajin da ke da yara fiye da ɗari kan cinye rabin darasin farko. Ta rubuta haruffan Turanci a allo, ta ɗauki tsumagiya tana nunawa, yara suna amsawa da ƙarfi har ana jiyo su daga bakin titi. Mai wucewa zai ce karatu ya kankama. Amma ka ɗauki yaro ɗaya daga bayan aji, ka nuna masa harafi ɗaya a tsakiya ba bisa jeri ba, sai ya yi shiru, ko ya koma farko yana rerowa har ya iso wurin. Waƙar ya haddace, idonsa bai san harafin ba. Daga nan sai a ce su kwafi abin da ke allo. Mai fensir ya zana abin da bai san ma'anarsa ba, marar fensir ya zauna yana kallo har a buga ƙararrawar tara. Haka za a yi zango uku, a ciyar da shi gaba zuwa aji biyu.

Ba na ɗora wa malamai laifin duka. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wadda aka ba wa ninki uku na wannan, ba littafi, ba horo, amshi kaɗai ne zai hana ajin ya kacame mata.

Amma na ga abin da ke yiwuwa, ko da a cikin cunkoso. Hausa harshe ne mai sauƙin karantawa, domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wasula biyar ne. Idan yaro ya san sautin b, ya san a, ya haɗa su ya ce ba, to ya kama hanya. A mako guda malama za ta koyar da sautuka biyu ko uku: ta faɗa, su faɗa, su nemo sunan wani a ajin da ya fara da sautin, su zana shi da yatsa a iska, su zana a ƙasa, sannan a littafi. Ta yanka kwalin taliya ta rubuta gaɓoɓi a kai, ba, ka, na, ma, ta raba wa rukuni-rukuni na yara takwas ko goma a kan tabarma. Sai ka ga yarinya ta ɗora ka kusa da ka, tana motsa baki a hankali, can sai ta ɗago kai ta ce, "Malama, kaka ce!" Ba wanda ya faɗa mata. Daga wannan ranar ba ta ƙara kallon rubutu a matsayin zane, har allunan shaguna za ta riƙa tsayawa tana haɗawa a hanyar gida. Kafin ƙarshen zango na biyu, yaran da aka bi da su a haka sukan karanta gajeriyar jimla da kansu.

Kayan aikin ma yawancinsu muna da su a gida. Tatsuniya darasi ce cikakkiya idan an iya sarrafa ta. Malama ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su ce "Ta zo mu ji ta," ta kai labarin Gizo da Ƙoƙi tsakiya ta tsaya, ta tambaya me suke jin zai faru, kuma don me. Yaron da ya bayar da amsa da dalilinsa ya fara abin da za a nema a wurinsa har jami'a. Gagara-gwarin nan na kwaɗo da ƙato da ƙoto yana koya wa kunne bambancin k da ƙ fiye da bayanin awa guda. Zaurance, wanda 'yan mata ke yi don ɓoye zance, aikin rarraba kalma gaɓa-gaɓa ne. Kacici-kacici kuwa yana sa yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba ya ɗaga hannu.

Lissafi ya fi ba ni takaici, domin yaranmu da lissafinsu suke zuwa makaranta. Yarinyar da ke tallar gyaɗa da yamma, ka ba ta naira 500 ka sayi ta 150, ba za ta yi kuskuren canji ba. Ita ce kuma za a rubuta wa 13 a cire 7 a allo ta rasa ta inda za ta fara. Maganin wannan tsinken tsintsiya ne da roba. A ɗaure goma-goma. Sha uku ya zama ɗauri ɗaya da tsinke uku. A ce ta cire bakwai: ta ga ukun ba za su isa ba, ta kwance ɗaurin da hannunta, ta cire, ta ƙirga saura shida. Abin da ake ce wa aro a lissafi ke nan, ta gan shi ƙuru-ƙuru, kuma ba za ta manta ba. Murafan lemo, ƙwallon dabino, tsakuwar carafke, duk suna wannan aiki, kuma yara da kansu za su kawo su.

Mai Girma Gwamna, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowane yaro yana da allonsa a hannu, yana zuwa gaban malam shi kaɗai ya biya, ba a wanke masa sai ya iya, kuma sai ya gama babbaƙu ake kai shi farfaru. Shekaru aru-aru ana haka a Kano. A boko ne muka koma ciyar da yaro gaba saboda shekara ta zagayo, ba tare da wani ya taɓa zama ya saurare shi yana karatu shi kaɗai ba.

An kuma gwada irin wannan koyarwa a makarantun gwamnati. A Katsina da Zamfara an yi shirin RANA, wanda ya koyar da karatu da lissafi da Hausa a aji ɗaya zuwa uku. A Bauchi da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta, an buga littattafan ɗalibi da jagoran malami. A nan gida, daga 2019, an yi shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, da hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da Kwalejin Sa'adatu Rimi, inda ake auna kowane yaro a sa shi rukunin da ya dace da abin da ya iya. Sai dai a lura, 'yan aji huɗu zuwa shida aka yi wa KaLMA, wato yaran da suka yi shekara uku ko fiye a makaranta ba su iya karatu ba, aka dawo ana koya musu abin da ya kamata su samu a aji ɗaya. Malaman da aka horar suna nan da ransu, littattafan an riga an rubuta su. Abin da na ji tsoro shi ne a bar su su bi sahun sauran shirye-shiryen da ke mutuwa ranar da masu ba da tallafi suka tattara kayansu.

Na san a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022, ya ce a koma Turanci tun daga tushe. Ni ma ina son jikokina su iya Turanci, kuma na san da shi ake jarrabawa. Amma karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane cewa harafi sauti ne, a harshen da yake ji, da wannan ganewar zai shiga Turanci. Wanda aka haɗa masa baƙon harshe da baƙon rubutu a rana guda, a hannun malamar da ita ma Turancin bai zauna mata ba, yakan tashi ba wan ba ƙanen. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ife tun daga 1970, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Hausa dai tana cikin manhaja a matsayin darasi, kuma jadawalin makarantun firamaren Kano a hannun SUBEB yake. Ina roƙon a ware awa guda kowace safiya, daga aji ɗaya zuwa uku, don karatu da rubutu da Hausa, a hana kowa taɓa ta.

Akwai wata al'ada da nake so ka sa baki a karya ta. A makarantu da yawa, malamin da aka ga ya fi rauni shi ake tura wa aji ɗaya, gwanaye a kai su aji shida saboda jarrabawar shiga sakandare. Malamar aji ɗaya har kallon mai renon yara ake yi mata. Ya kamata a juya wannan. A zaɓi masu haƙuri da ƙwarewa, a horar da su musamman kan koyar da karatun farko, a ba su ɗan alawus da zai sa su so zama a wurin, kuma a daina yi musu canjin wurin aiki a tsakiyar shekara. Inda aji ya haura yara saba'in, a ba malamar ajin mataimaki, ko da daga ɗaliban kwalejin ilimi masu zuwa koyon aiki ne.

Sai littafi. Ba ina nufin wanda za a kulle a kabad ɗin hedimasta don gudun kada ya yage ba. Kowane yaro ya samu nasa, ya rubuta sunansa a bango, ya tafi da shi gida ya karanta wa mahaifiyarsa da ƙannensa. Idan ya yage a ƙarshen shekara, ya yi aikinsa. A haɗa masa da fensir da littafin rubutu kowane zango, domin akwai gidajen da kuɗin fensir ɗin ma sai an yi shawara.

Masu zuwa duba makarantu kuma, yawanci rajista da littafin shirin darasi suke dubawa su sa hannu su wuce. A ƙara musu aiki ɗaya: su zaɓi yara goma da kansu, ba waɗanda malama ta nuna ba, su ba kowanne layi huɗu na Hausa da lissafi biyu, su rubuta nawa suka iya. A tattara wannan daga ƙananan hukumomi 44 kowane zango a ajiye a kan teburinka, tare da rahoton gine-gine. Kai ma, ranka ya daɗe, duk ranar da ka je buɗe sabon ginin makaranta, ina roƙon ka nemi a kai ka aji biyu, ka kira yaro daga layin baya ka ba shi takarda ya karanta maka. Idan shugabannin makarantu da sakatarorin ilimi suka san Gwamna yana yin haka, za su fara yi kafin ka iso.

Allah Ya taimake ka, Ya shirya mana zuri'a.

Wassalam,
Tsohuwar malamar aji ɗaya, daga Kano