Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kaduna Kan Cututtukan Da Suka Daina Jin Magani

Mai Girma Gwamna Uba Sani, ranka ya daɗe.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai, bakteriyar da ta daina jin magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowa asara. Tushen matsalar a nan gida shi ne muna ba da magani ba tare da sanin ƙwayar cutar da muke yaƙa ba.

Mai mura ya shiga kemis a Rigasa, a yanko masa kafso huɗu na Ampiclox daga kati. Mura bairos ce, kafson ba ruwansa da ita, amma zai kashe raunanan bakteriyar da ke hanjinsa, masu taurin su samu fili su hayayyafa. Ranar da ya kamu da ciwon mafitsara, maganin ba zai ci ba.

Taifot ta fi damunmu. Gwajin Widal guda ɗaya na iya cewa akwai ga mai maleriya, ko ga wanda ya yi taifot tun tuni ya warke. Da wannan takardar ake rubuta Cipro, ko a ɗirka wa mutum allurar ceftriaxone, wadda ya kamata a adana wa jaririn da cuta ta shiga jininsa. Gwajin ƙwarai shi ne a ɗebi jini kafin a fara magani, a rena ƙwayar cutar, a jarraba mata magunguna. Sakamako kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Muna roƙon a wadata manyan asibitocin jiha da kayan wannan gwaji, ƙananan kuma a tsara musu hanyar aika jini asibitocin koyarwa na Barau Dikko ko Shika, sannan a riƙa fitar da jadawalin magungunan da har yanzu suke ci duk shekara.

Masu kemis kuwa, rufe shaguna kaɗai ba zai yi ba, domin tsada da nisan asibiti ne ke kai mutane can. A haɗa kai da PCN, hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna ta ƙasa, a horar da su, a hana yanka kati, a kuma faɗaɗa inshorar lafiya ta jiha, wato KADCHMA. A 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince cewa nan da 2030, kashi 70 cikin 100 na antibayotik ɗin da ake sha su kasance na rukunin farko a jerin Hukumar Lafiya ta Duniya, irin su amoxicillin. Da wannan ma'auni ya kamata KADHSMA, hukumar samar da magunguna ta jiha, ta riƙa sayayya.

Masu kiwon kaji ma suna zuba tetracycline a ruwan sha, su sayar da ƙwai kafin kwanakin jira da aka rubuta a jikin ledar maganin su cika. Sa ido a kan wannan, aikin likitocin dabbobi ne, a ba su abin hawa.

Ranka ya daɗe, domin a hana kamuwa da cuta tun farko, a kasafin baɗi a ware kuɗin ruwan famfo da sabulu a kowane ɗakin haihuwa na cibiyoyin lafiya a mazaɓu 255 na jihar nan.

Mu ne,
Wasu likitoci da masu harhaɗa magunguna a Kaduna