Hajiya, an ce ni ce shugabar marubuta amma kowa na bin hanyarsa

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya gida ya yara, ya zafin garin namu. Allah ya ƙara basira ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron damuwar jama'a a shirinki na rediyo. Na san yawanci maganar aure da ta zumunci ake kawo miki, to tawa ta wurin aiki ce, amma wallahi ta kai inda nake kwana ina juyi, kuma akwai girman babba a cikinta shi ya sa na ga ke ce za ki gane. Don Allah a sakaya sunana da na wurin aikinmu.

Ina aiki ne a wani ƙaramin kamfanin talla nan cikin Zinder. Mu ne ke rubuta wa ƴan kasuwa tallansu, wanda za a karanta a rediyo, da wanda za a sa a Facebook da WhatsApp, da rubutun afish da ake mannawa a bango. Masu kawo mana aiki akwai masu shagon atamfa a Kasuwar Dole, akwai masu makarantun kuɗi, masu sayar da babura da kayan sola, har mata masu alkaki da man gyaɗa da suka fara sa kayansu a leda da suna. Mu huɗu ne masu rubutu, sai yaro mai haɗa hoto a kwamfuta, sai mai karanta talla da murya, sai patoro wato mai kamfanin. Ni a Jami'ar André Salifou na yi karatu, kuma bara ne patoro ya tara mu ya ce daga yau duk abin da zai fita sai ya bi ta hannuna. A baki dai haka aka ce.

Bari ki ji yadda aiki ke zuwa mana. Patoro zai haɗu da mai kaya a fada da dare ana shan shayi, su gama magana, sai ya turo bokal, wato saƙon murya, a guruf ɗinmu na WhatsApp wajen sha ɗayan dare, doguwar murya rabinta gaisuwa ce, ga ƙarar babura a bayansa, ya ce Alhaji wane na son talla mai zafi kafin kasuwar Alhamis. Babu farashi, babu lambar waya, ba a faɗi ko na rediyo ne ko afish ba, ba a kuma ce wane ne zai rubuta ba. Da safe sai ki tarar mutum biyu sun kama aiki ɗaya kowa bai san da ɗan'uwansa ba, wani aikin kuma da aka karɓi kuɗinsa tun satin da ya wuce yana nan ba wanda ya taɓa shi don kowa na zaton wani ke yi. In an rubuta kuma sai a tura wa mai kaya, shi kuma ya mayar da gyara ga duk wanda yake da lambarsa, yau ni, gobe mai hoto, jibi patoro, ƙarshenta rubutu uku ke yawo ba wanda ya san wanne ne na ƙarshe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne kan tallan wani mai sabulu. A takardar da ya aiko an rubuta 500 F da Faransanci, wanda ya rubuta tallan rediyon cikin gaggawa ya sa ɗari biyar, mai murya ya karanta haka, aka kai gidan rediyo aka sa. Ke kin san a nan da dala muke lissafi, dala ɗaya kuwa 5 F ce, duk wanda ya ji ɗari biyar to 2500 ya ji, alhali dala ɗari ne kuɗin sabulun. Mutumin nan ya zo buro da kansa ransa a ɓace ya ce mun ninka masa farashi sau biyar a kunnen duk Damagaram har ƙauyukan Mirya, mun kore masa masu saye. Dole muka sake ɗaukar murya, muka biya kuɗin rediyon daga aljihun kamfani, kuma har yau bai sake kawo mana aiki ba. Mutum ɗaya da ya karanta rubutun nan da ƙarfi kafin ya fita da ya kama kuskuren.

Ga kuma maganar rubutun Hausar kanta. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 masu son afish da Hausa sun ƙaru sosai, to amma a buro ɗaya kowa da irin rubutunsa. Ɗaya na rubuta kassoua da tchiniki irin na wanda ya saba da Faransanci, ɗaya ya saba da littattafan Kano yana sa 'y, ni kuma ina sa ƴ kamar yadda ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tsara, mai hoto kuma in harafi mai lanƙwasa bai fito masa a kwamfuta ba sai kawai ya sa k ko d ya wuce. Kiliyan ɗaya, wato mai kawo mana aiki, sai ki ga afish ɗinsa biyu kamar ba wuri ɗaya suka fito ba.

Don haka na zauna na tsara mana hanyar aiki, kuma ban yi ta da wahala ba Hajiya. Na farko takardar karɓar aiki, shafi ɗaya tak: sunan mai kaya, me yake sayarwa, farashi da lamba sannan da kalmomi irin yadda za a faɗa a kasuwa, ina shagon yake, lambar waya, su wa ake so su ji, rediyo ne ko Facebook ko afish, in rediyo ne sakan nawa aka saya, da wane harshe, ranar da ake so, sannan wane ne a wurin mai kayan ke da maganar ƙarshe, don sau da yawa Alhaji zai amince ɗansa da ke tsaron shago ya kira ya rushe. Na ce in babu wannan takarda ba a fara rubutu. Sai na sa allo a bango na raba shi gida-gida, an karɓa, ana rubutu, ana dubawa, yana wurin mai kaya, an amince, ya fita, kowane aiki da ƴar takardarsa da sunan mai yinsa ana matsar da ita gaba. Da gangan na yi shi a bango saboda ɗauke wuta da rashin rezo na intanet, allo dai ba ya mutuwa. Ranar Litinin da safe mu tsaya gabansa minti goma sha biyar a raba aiki.

Babbar dokar da na fi riƙewa ita ce ba wanda zai duba rubutun kansa. In ka gama ka ba wani, shi kuma ya karanta da ƙarfi da agogo a hannu in na rediyo ne, ya gwada farashi da lambar waya da kwanan wata da abin da ke takardar karɓar aiki ɗaya bayan ɗaya. Rubutu kuma wuri ɗaya zai zauna a Google Docs tun da yana ajiye duk canjin da aka yi da wanda ya yi shi, a daina yawo da shi a WhatsApp. Mai kaya yana da gyara sau biyu, na uku sai da ƙarin kuɗi, kuma amincewarsa sai a rubuce ko a bokal da za mu ajiye. Na kuma yi jadawalin shekara don mun san lokutan da aiki ke yi mana ruwa, gab da azumi, ƙaramar salla, babbar salla, da komawa makaranta a watan Oktoba, a fara shiri da makonni maimakon a zo ana gobe salla ana neman afish.

Sati biyun farko abin ya tafi, har mai hoto ya ce yau ne ya fara tashi daga aiki kafin magariba. Daga nan ne komai ya fara warwarewa, kuma ta wurin mutum biyu da ba na iya ɗaga wa murya.

Na farko Baba ne, haka muke kiransa duka. Tsohon ma'aikacin rediyo ne da ya yi ritaya, sa'an mahaifina ne kuma sun san juna. Hajiya ba zan ɓoye miki ba, duk cikinmu babu mai Hausarsa, in ya rubuta wa mai atamfa talla da kirari da karin magana sai ki ji kina son ki tashi ki tafi shagon, kuma shi ya koya mini inda mai karatu zai ja numfashi a cikin rubutun rediyo, abin da ban samu a jami'a ba. Amma da biro yake rubutu a takarda, ba ya taɓa Google Docs, wannan ma ba komai ni zan iya buga masa. Matsalar ita ce rubutunsa na yin tsawo, an sayi sakan 30 shi kuma ya rubuta abin da zai ci kusan minti ɗaya, sai mai murya ya riƙa gudu, ko a gidan rediyo a datse ƙarshen, kuma a ƙarshen nan ne lambar waya da kwatancen shago suke. Ranar da na ba wata ƙaramar abokiyar aikinmu rubutunsa ta duba kamar yadda doka ta ce, ta ja layi ƙarƙashin jimla biyu ta mayar masa, ya kalli takardar ya kalle ni ya ce ƴata, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki, yanzu jikata ce za ta yi mini maki? Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice, shayin da yake sha tare da mu ya daina. Da suka haɗu da mahaifina wurin wani ɗaurin aure ya yi masa zancen, mahaifina ya kira ni ya ce ki bi a hankali, babba babba ne. Na yi kuka ranar don Allah ya sani ban yi nufin wulaƙanta shi ba.

Na biyu patoro ne da kansa. A taro zai ce madalla, wannan tsari ya yi, kowa ya bi. Dare na yi sai ga bokal, wannan Alhajin babban kiliyanmu ne a yi masa yau yau, ko ya kira mai hoto kai tsaye ya ce canza kaza ka tura, ni sai dai in ga abu ya fita a Facebook ban san da shi ba, in an samu kuskure kuma ni ake tambaya tun da ni ce shugaba. Ina fahimtarsa fa, kasuwancin garin nan da mutunci da sanayya yake tafiya, yana ganin in ya miƙa wa dattijon ɗan kasuwa takarda ya ce cika, ko ya ce masa gyara na uku sai ka biya, kamar ya ci masa fuska ne, kuma daga kuɗin mutanen nan albashinmu ke fita. Amma yaran sun gani sun saki, ɗaya ta ce mini a fili in Baba bai bi ba patoro bai bi ba don me ni zan bi. Allon yanzu takardun da ke jikinsa na watan jiya ne. Ni ce nake kwasar komai in tafi da shi gida in duba da dare a waya bayan na kwantar da yaro, maigidana ya yi haƙuri ya yi haƙuri yanzu ya fara magana, kuma yana da gaskiya.

Na yi tunanin wasu hanyoyi amma kowace ina jin tsoronta. Na ce ko in je har gida in samu Baba in ba shi haƙuri, in roƙe shi ya zama shi ne mai duba Hausar kowa a ƙarshe, har da tawa, ni kuma in riƙa duba lambobi da tsawon lokaci kawai a rubutun kowa har da nasa, ta haka ba za a ce an sa yarinya ta gyara masa harshe ba. Tsorona kada aiki ya riƙa taruwa a teburinsa don ba kullum yake zuwa da wuri ba, kuma kada yaran su ga kamar wanda ya ƙi bin doka shi aka ƙara wa girma. Game da takardar karɓar aiki kuma na ce ko in daina jiran patoro, da ya turo bokal ni in kira mai kayan da safe in gaishe shi in yi masa tambayoyin da baki in cika da kaina, to amma ban sani ba ko patoro zai ga kamar ina shiga tsakaninsa da mutanensa. Wani lokacin kuma sai in ji gara in ce a sauke mini shugabancin in koma rubutuna kawai, sai in tuna mai sabulun nan in ji ba zan iya zuba ido a sake irinta ba.

Hajiya don Allah ki faɗa mini, wurin Baba ni kaɗai zan je ko in nemi mahaifina ya raka ni, kuma wane lafazi zan yi masa da zai gane tsawon rubutun ne damuwata ba iliminsa ba? Patoro kuma a gaban kowa ya kamata in yi masa maganar ko in same shi shi kaɗai, kuma ya dace in lissafa masa kuɗin da muka yi asara kan gyare-gyaren nan ko zai ɗauka gori ne? In kuma cikin masu sauraro akwai wanda ya taɓa riƙe ƴan rubutu ko wani ƙaramin buro da ke da dattijo a ciki, ina roƙon a ba shi dama ya kira ya faɗi yadda ya yi. Zan kasance kusa da rediyo in sha Allah.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Ƴarki, daga unguwar Sabon Gari, Zinder.