Wasiƙa zuwa ga 'yata mai son zama marubuciya

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Babanki ya gaya mini kina shirin ajiye aikin koyarwa ki zauna rubuta littafi, wai koyi kike yi da Virginia Woolf, baturiyar Ingilan nan da kika yi nazari a kanta a jami'a. To ni ma na karanta ta, ban kuwa ga inda ta ce a yar da albashi ba.

A 1928 ta yi wa ɗalibai mata lacca a jami'ar Cambridge, wadda ta zama littafin A Room of One's Own a 1929. Cewa ta yi mace mai son rubuta labari tana bukatar fam 500 a shekara da ɗakin kanta mai makulli. Kuɗi fa ta ambata, ƙiri-ƙiri.

Dubi rayuwarta. An haife ta a Landan a 1882. 'Yan'uwanta maza aka tura Cambridge, ita kuwa yawancin karatunta a ɗakin littattafan mahaifinta, Leslie Stephen, ta yi shi. Tun 1904 take rubuta wa jaridu sharhin littattafai, ga kuma gadon da gwaggonta ta bar mata. Duk da haka sai 1915 littafinta na farko ya fito, tana da shekara 33.

Abin da ya fi burge ni shi ne 1917, da ita da mijinta Leonard suka sayi ɗan ƙaramin injin ɗab'i na hannu, suka kafa Hogarth Press a gidansu na Richmond. Da yatsunta take jera haruffa. Daga baya littattafanta a nan suke fitowa, ba wani edita da zai ce mata gyara nan, cire can. Da wannan 'yancin ta rubuta Mrs Dalloway, wanda ya fito a 1925: littafi sukutum a kan yini ɗaya tak, tana fita daga zuciyar wannan tana shiga ta wancan.

Kada kuma wani ya ruɗe ki cewa ciwon ƙwaƙwalwarta ne ya ba ta basira. In ya taso, watanni take yi ba rubutu, shi ne kuma ya kai ta ga halaka kanta a kogin Ouse a 1941. In kin ji ranki yana yawan ƙunci, ki gaya mini, mu ga likita.

Ki riƙe aikinki. Ki riƙa rubutu bayan sallar asuba kafin ki fita makaranta, hutun ƙarshen zango kuma naki ne. In babin farko ya kammala ki turo mini. Ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki