Ɗan takara da harkar inshora: wa zai tsaya wa mai neman diyya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan wani alkawari da ya zama ruwan dare a bakin 'yan takara, wato cewa idan aka zaɓe su za su sassauta dokoki domin 'yan kasuwa su sarara. Ba na ƙin wannan magana, domin akwai dokokin da ba sa amfanar kowa, ban da ɓata lokaci da buɗe ƙofar cin hanci. Amma duk sa'ad da ɗan takara ya cusa harkar inshora cikin wannan alkawari ba tare da ya bambanta ta da sauran sana'o'i ba, hankalina ba ya kwanciya.

Mai sayen inshora ba ya komawa gida da komai ranar ciniki sai takarda. Yana biyan kuɗinsa yau bisa alkawarin cewa idan gidansa ya ƙone, ko motarsa ta yi haɗari, ko ciwo ya kwantar da shi, ko da bayan shekaru ne, kamfani zai biya shi diyya. Wanda ya sayi kaya marasa inganci yakan gane cikin 'yan kwanaki ya daina zuwa wurin, amma wanda ya sayi inshorar banza ba zai sani ba sai ranar da masifa ta auka masa, a lokacin kuwa ba shi da ƙarfin jayayya da kowa. Ga mutum tsaye a ofis, gidansa ya zama toka, ana ce masa ya kawo rasidin kayan da suka ƙone, alhali rasidin ma yana cikin abin da wutar ta cinye, ko kuma a buɗe masa shafin ƙarshe a nuna masa wani sharaɗi da aka rubuta da ƙananan haruffa, wanda dillali bai taɓa ambata masa ba. Saboda irin wannan mutum aka kafa hukumomin sa ido, kuma aikinsu na farko shi ne tabbatar da cewa kamfani yana da isasshen jari da kuɗin ajiya da zai cika alkawuran da ya ɗauka.

An riga an ga abin da ke faruwa idan ido ya kauce. A watan Satumba na 2008 kamfanin AIG na Amurka, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin inshora na duniya, ya kusa durƙushewa, saboda wani sashensa da ba ya ƙarƙashin masu sa ido kan inshora na jihohi ya yi ta tsaya wa basussukan gidaje ba tare da ya tanadi kuɗin biya ba. Sai da babban bankin ƙasar ya ranta masa dala biliyan 85, daga baya tallafin gwamnati ya kai kusan dala biliyan 182. An ci riba shekara da shekaru, da asara ta zo aka jingina ta ga dukiyar jama'a, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Birtaniya kuwa bankuna sun daɗe suna liƙa wa masu karɓar bashi wata inshora da ake kira PPI, wadda aka ce za ta biya musu bashin idan sun yi rashin lafiya ko sun rasa aiki. Da yawa ba su ma san an saka musu ita ba, wasu kuma, kamar masu sana'ar kansu, sharuɗɗan sun riga sun hana su samun ko kwabo. Da hukuma ta matsa, an mayar wa mutane fiye da fam biliyan 38, aka rufe karɓar ƙorafi ranar 29 ga Agusta, 2019.

Sai dai kuma ina jin tsoron ɗan takarar da zai ce zai daskarar da farashi domin a tafa masa. A jihar Kalifoniya ta Amurka masu zaɓe sun amince da wata doka a 1988 wadda ta sa jama'a ke zaɓen kwamishinan inshora da ƙuri'arsu, ta kuma wajabta wa kamfanoni neman izini kafin su ƙara kuɗin inshorar mota da ta gida. Dokar ta kare mutane matuƙa. Duk da haka, a watan Mayu na 2023 kamfanin State Farm ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gida a jihar, yana kafa hujja da gobarar daji da tsadar gini. Idan hukuma ta yi jinkirin daidaita farashi da ainihin haɗarin da ake ciki, kamfanoni sukan ja da baya, mai gida ya rasa wanda zai tsaya masa.

Don haka ina ganin bai kamata a bar ɗan takara ya wuce da kalmar "sassauci" ko "kare talaka" kawai ba. A tambaye shi wace doka zai soke, kuma me zai maye gurbinta. A tambaye shi ko zai sanya wa kamfanoni wa'adin biyan diyya tare da tara ga wanda ya saɓa, da ko zai tilasta musu wallafa adadin buƙatun diyyar da suka biya da waɗanda suka ƙi, domin mai saye ya san da wanda yake hulɗa tun kafin ya sa hannu. Wanda aka hana haƙƙinsa kuma yana buƙatar ofishin sasanci mai zaman kansa da zai kai kukansa kyauta, kamar yadda ake yi a Birtaniya, tunda ba kowa ke iya ɗaukar lauya ba. Abin da ya fi damuna shi ne tushen kuɗin yaƙin neman zaɓe, domin wanda kamfanonin inshora suka ɗauki nauyin takararsa zai yi wuya ya iya cin su tara gobe.

Ina fata wakilanku za su riƙa yin waɗannan tambayoyi a duk hirar da za su yi da 'yan takara, ku kuma buga mana amsoshin yadda suka fito daga bakinsu.

Wassalam,
Wani mai karatu.