A ba ɗaliban sakandare aikin ƙirga tsuntsayen fadamar Haɗeja da Nguru

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan ƙungiyoyin kare namun daji da ake kafawa a makarantunmu na sakandare. Da yawansu sun tsaya ga riga mai tambari da jawabi ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. Yaro ba ya koyon shugabanci daga jawabi, sai an ɗora masa aikin da idan ya yi sakaci kowa zai gani. Makarantun Haɗeja, Nguru da Gashuwa kuwa ga aikin nan a ƙofar gidansu.

Fadamar Haɗeja da Nguru masauki ce ta tsuntsayen ruwa masu gudo wa sanyin Turai su zo su sha rani a nan. Tun shekarar 2000 tafkin Nguru ya shiga jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare fadamu, kuma mafakar tsuntsayen ruwa ta Dagona na ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Amma madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke malala, kachalla ta toshe magudanai, gauraka kuma sai dai yara su ji labarinsa wajen kakanni. Ana buƙatar masu sa ido duk wata.

Ga yadda ake yi. A raba ɗalibai huɗu-huɗu: mai duba da madubin hangen nesa, mai ƙirga, mai rubutu, da mai kula da agogo. A zaɓi wurare huɗu ko biyar a bakin ruwa, tsakanin kowane da na gaba kamar mita 200, a sa musu alamar da ba ta gushewa, kamar kuka ko tsohuwar rijiya. A fara da ƙarfe shida da rabi na safe, a tashi kafin tara. Minti goma a kowane wuri, ba ƙari ko da an ga abin sha'awa. Rana ta kasance a bayan mai duba. In tana gabansa, dinya da kirinjijiya duk baƙaƙe zai gan su.

Babban garke ba a bin sa ɗaya-ɗaya. A ƙirga goma, a riƙe faɗin wannan goman a ido, sai a riƙa aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin. Mutum biyu su ƙirga kowa shi kaɗai, sannan a gwada. Idan ɗaya ya ce 120 ɗaya ya ce 300, a sake. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga garke sau biyu: hayaniyar yara ta tashe shi daga wuri na farko, ya sauka a na biyu, a sake rubuta shi. Shi ya sa mai rubutu zai nuna inda garke ya nufa idan ya tashi. Tsuntsun da ba a gane ba a zana shi, a rubuta launin baki da ƙafa, kada a laƙaba masa suna don a cike shafi.

Kada ɗalibi ya shiga ruwa, saboda tsargiya. Kada ya taɓa mataccen tsuntsu, saboda murar tsuntsaye. A sanar da malamin dabbobi.

Inda ƙungiyoyin nan ke mutuwa shi ne wajen shugabanci. Ana naɗa ɗan aji shida, jarrabawar WAEC da NECO ta ɗauke shi, ya tafi da littafin ƙirga a jakarsa, na baya su koma farko. Shugaba ya fito daga aji biyar, mataimaki daga aji huɗu, a miƙa ragama a zango na uku. Littafi mai kaurin bango ya zauna a makaranta, a ɗauki hoton kowane shafi a waya. Malami uban ƙungiya ne. In shi ke tsara rana, ya riƙe madubi, ya yi bayani, ba abin da yaran suka koya.

Kuma ɗaliban ne da kansu za su je gaisuwa wajen bulama da sarkin ruwa kafin fita ta farko. Su je da tambaya, domin masunci ya fi su sanin lokacin zuwan kowane tsuntsu. Manomin da jan-baki ya cinye wa shinkafa ba zai saurari wa'azin son tsuntsaye ba, amma zai saurari yaron da ya fara tambayarsa asarar da ya yi.

Ina kira ga ma'aikatun ilimi na Jigawa da Yobe su sama wa kowace ƙungiya madubi biyu da littafin hotunan tsuntsaye, su kuma haɗa ta da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, mai tattara irin waɗannan bayanai, da masu ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi kowane Janairu.

Naku,
Mai karatu daga Nguru, Jihar Yobe