Wasiƙa zuwa ga Ummi kan takardar da ake so in sa wa hannu

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Takardar da kika turo ta iso, na karanta ta a tsanake, amma ban sa hannu ba tukuna. Kada ranki ya ɓaci. Mutum uku ake so su sa hannu: ke, da ni, da malamar da ke ba ku shawara a makaranta. Abin da za mu ɗauka a wuyanmu shi ne, in jami'ar ta ɗauke ki a tsakiyar Disamba, za ki je, kuma za ki janye duk takardar da kika kai wani wuri. Wannan tsarin neman gurbi da wuri na jami'o'in Amurka da kuke kira ED (Early Decision) tamkar sa rana yake, gida ɗaya ake yi wa. In mun saɓa ba kotu za a kai mu ba, amma suna iya soke gurbin, malamar da ta tsaya miki ta sha kunya, 'yan bayanki da za su nema baɗi su ma a riƙa yi musu kallon tuhuma.

Abin da ya tsayar da ni shi ne shawarar da aka ba ki, wai ki nemi Cornell ki ce ba kya buƙatar tallafin kuɗin karatu, in kin shiga a san yadda za a yi. Wanda ya gaya miki haka rabin zancen ya sani. Gaskiya ne Cornell, kamar Columbia da mafi yawan jami'o'in Amurka, tana duba ƙarfin iyayen ɗalibin waje kafin ta ɗauke shi. Abin da bai gaya miki ba, ɗalibin waje da bai nemi tallafi tun farko ba, ƙofar ta rufe masa har ya gama shekara huɗun. Kuɗin makaranta da ɗaki da abinci a irin waɗannan wurare ya haura dala 85,000 a shekara. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, albashina kuwa kin san bai bi ta ba. Ko gidan nan da gonar kakanki na haɗa na sayar, ba za su riƙe ki shekara biyu ba. Wannan kam ba zan sa masa hannu ba.

Dartmouth da kika ambata a baya ta fi kwanta mini. Tun 2022 ta daina duba aljihun ɗaliban waje wajen ɗauka, Amherst da Bowdoin ma ba sa dubawa. Harvard da Yale da Princeton da MIT su ma haka suke, su kuma neman gurbinsu da wuri ba ya ɗaure mutum, kina iya samu ki ce kin gode. Sai dai duk ɗan talaka mai ƙoƙari, daga Indiya har Kenya, can yake nufa, saboda haka gasar ba wasa ba ce. Kada kuma alƙaluman da ke nuna an fi samun gurbi a zagayen masu nema da wuri su ruɗe ki. A cikinsu akwai 'yan wasan da masu horarwa suka riga suka zaɓa, da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Ke ba kya cikin ko ɗaya.

Akwai abin da za mu rasa, gara ki sani tun yanzu. Wanda ya jira zagayen kowa da kowa yana iya samun tayi uku a ƙarshen Maris, ya jera su ya ga wanda ya fi, ya ba da amsa kafin 1 ga Mayu. Mu tayi ɗaya za mu gani. Mafita ɗaya takardar ta bari: in tallafin bai kai ba, za su sake ki. Su kuwa “bai kai ba” da abin da muka rubuta a fom ɗin neman tallafi da ake kira CSS Profile suke auna shi, shi ya sa ni da kaina zan cika shi. Albashina, cinikin shagon Mamanki, gidan, gonar, duk za su shiga, ba ragi ba ƙari. Akwai wurin da suka bari don ƙarin bayani, a nan zan rubuta maganin Hajiya na wata-wata da kuɗin makarantar marayun Kawunki. Mai lissafi a can ba zai san albashi ɗaya gida nawa yake ci da shi a wajenmu ba, sai an gaya masa.

Sai tambayar da ke kaɗai za ki amsa. Makarantar kike so ko sunanta? Hanover, inda Dartmouth take, ɗan ƙaramin gari ne a New Hampshire, dusar ƙanƙara wata da watanni, a tsakiyar hunturu rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar. Ke da ɗan hazon Janairu yake hana ki fitowa alwalar asuba sai an ɗumama ruwa. Ki rubuta wa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta can, ki tambaye su abincin halal da yadda suke Juma'a da azumi, ki ji daga bakinsu. Ki yi istihara.

Amsa iri uku ce: a ɗauke ki, a ƙi, ko a mayar da ke zagayen kowa, wanda a lokacin alƙawarin ya warware. Sauran jami'o'in suna rufewa a farkon Janairu, kin ga kwanakin da ke tsakani kaɗan ne, don haka kada ki ajiye rubutunsu ki zauna jiran Disamba. Tunda sakamakon WAEC ba zai fito ba sai bayan an gama komai, takardun aji huɗu da biyar za su yi miki magana, ki bi ofis a fitar da su da wuri. JAMB ma za ki yi. Gurbi ba biza ba ce: akwai takardar I-20 da jami'a ke bayarwa don neman biza, da dala 350 na SEVIS (rajistar ɗaliban waje), da 185 na biza, da ganawa a Abuja ko Legas, kuma dokokinsu a kanmu sauyawa suke, kin ga yadda a Yulin 2025 suka mayar da yawancin bizarmu ta shiga ɗaya mai wata uku.

Ranar rufewa 1 ga Nuwamba ce, amma ina so a gama mako guda kafin nan, saboda wuta da intanet ɗinmu ba abin dogaro ba ne. Ki kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ki gaya mini inda zuciyarki ta tsaya, ki haɗa ni da malamar taku mu yi magana. In Dartmouth ɗin ce, kuma da neman tallafi, a daren zan sa hannu.

Allah Ya yi miki albarka, Ya zaɓa miki mafi alheri.

Mahaifinki.